Shekarar da Na Goge Sunanka Daga Bangon Zaure

Ranar Asabar ɗin da ta wuce, ƙanwarka Amira tana tsakiyar cin tuwo a ɗakina ta ɗago kai, baki duk miya, ta jefo min tambaya.

"Umma, wai da gaske ke kika goge sunan Yaya daga zaure? An ce don ba kya so ya zama ɗan gidan."

Kai kana zaune a bakin ƙofa, Mudassir, ka yi kamar takalminka kake gyarawa. Na ce ta ci abincinta. Amma tun daga ranar maganar take cina, don na san ba ita ta ƙirƙiro ba, kuma abin da aka gaya mata jiya kai an daɗe ana zuba maka shi a kunne. Ni ba gwanar zaunar da yaro in yi masa bayani a tsanake ba ce, kafin in kai tsakiya na fara faɗa. Shi ya sa na ɗauki biro. Ba zan tsaya jera maka makarantun da na yi ba. Sakandare na gama, aka yi min aure, shi ke nan. Shekara ɗaya nake so ka sani, shekarar da ka cika bakwai. E, ni na goge sunan. Da tsumma da kalanzir, a gaban maza cike da zaure. Karanta ka ji yadda aka yi, sannan ka yanke naka hukuncin.

Gidanku na Tudun Wada ba a banza ake ce masa Gidan Akawu ba. Kakan babanka jirgin ƙasa ne ya kawo shi Minna, ya yi akawu a tasha, kuma har gobe tsofaffin unguwa suna cewa rubutunsa kamar inji ne ya buga. Daga kansa abin ya zama gado. Alhaji Baba, kakanka, tun yana saurayi yake zama a bakin gidan waya yana rubuta wa mutane wasiƙa. Babanka Kabiru kuwa ka sani, allunan shaguna da bayan manyan motoci su ne sana'arsa. A gidan nan yaro zai fasa tulu a yafe masa, zai yi ƙarya a ja masa kunne a wuce, amma mummunan rubutu ba shi da gafara. Sannan ga bangon zaure. Duk ɗa namiji da ya cika shekara bakwai, sai a soya waina, a gayyato maƙwabta, ubansa ya shiga zaure da shi su biyu a rufe ƙofa, a ba shi buroshi da baƙin fenti ya rubuta sunansa da hannunsa a ƙarƙashin na magabata. Daga nan a buɗe, maza su shiga su gani, su sa albarka. Ko sabon fenti za a yi wa gidan, zagaye sunayen ake yi. Mata ba sa rubutawa. Mu namu tanda da hayaƙi.

Tun kana shekara biyar na ga akwai abin da ba daidai ba. Kai ba daƙiƙi ba ne, wannan kowa ya sani. Sura ɗaya za a biya maka ka riƙe, labarin da aka ba ka da safe ka maimaita shi da yamma har da muryar mai bayarwa. Amma da zarar an ɗora maka fensir sai ka koma wani yaro daban. Ka dunƙule shi a tafin hannu kamar muciya, ka danne har takarda ta yage, kafaɗarka ta hau kunne, harshe a waje, gumi yana tsatstsafo maka a hanci. Layi biyu ka ce hannunka yana ciwo. Haruffan kuma kowa da inda ya nufa, wani ya hau sama, wani ya kwanta, wani ya juya baya. Ba rubutu kaɗai ba: maɓallin riga sai an sa maka, igiyar takalmi ba a maganarta, kofin kunu kuwa ba ka taɓa kai shi baki ba tare da rigarka ta sha rabonta ba. Malamar ajinku ta aiko a gaya mana wai kai malalaci ne. Wannan saƙon shi ya jawo tabarmar la'asar.

Kullum aka idar da sallar la'asar, Alhaji Baba ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya zaunar da kai, ya rubuta harafi ɗaya a saman shafi ya ce ka cika shafin. Rula tana gefen gwiwarsa. Harafi ya karkace, rula ta sauka a gaɓoɓin yatsunka. Ba mugu ba ne kakanka, kada ka ce na ce. Shi da gaske ya yarda taimakonka yake yi.

"Da haka aka gyara ni," in ji shi, "da haka na gyara ubansa. Ga shi yau hannunsa ke ciyar da ku."

Inna, kakarka, mai kiranka mijinta, ita ma da nata maganin. Akwai tsohon alƙalamin Akawu da take ajiye da shi a ƙasan adaka. Ta ɗauko shi ta wanke bakinsa a ruwa ta ba ka ka sha, wai hannun kaka ya shiga jikinka. Ka shanye, ka ce yana warin tsatsa. Ni kuwa ba ni da bakin magana, saboda kai ɗan fari ne. A al'adar gidan, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta nuna ta damu da shi, ko kuka yake sai ta kau da kai. Ni ban iya ba. Tun ranar suna nake kiranka Mudassir gatsal, aka yi ta tsegumi har aka gaji. Ranar da na fara cewa a rage dukan nan, Inna ta ja ni gefe.

"Ke Zulai, ɗan fari ne fa. Ina kunyar taki? Ki bar min mijina, mu muka san yadda za mu yi da abinmu."

"Inna, in na kau da kai, wa zai ga yatsunsa sun kumbura?"

"Rashin kunya dai ba magani ba ne," ta ce, ta shige ɗaki.

Abin da ya tsaya min a rai har yau shi ne wannan: ka kai matsayin da in ladan ya kira la'asar, sai ka tashi da gudu. Yaro ɗan Musulmi, ya ji kiran sallah ya ruga bayan gida. Ka fara ɓoye fensir a cikin buhun gawayi. Ka daina ba da labari. Rannan na same ka a bayan randa kana cizon hannunka na dama, kana ce masa, "Kai ne, kai ne." Na tsaya ina kallonka, ban san abin da zan yi ba, kuma ni rashin sanin abin yi ya fi komai ƙona min rai.

Ba neman magani na fita ba, Allah ne ya haɗa. Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifina da ke Kpakungu, ta samu shanyewar ɓarin jiki a farkon shekarar da za ka cika bakwai, ni nake raka ta asibiti sashen gashin ƙashi. A gefen sashen akwai wani ɗan ɗaki inda wata ma'aikaciya, Madam Ladi, take koya wa irin su Gwaggo yadda za su sake riƙe cokali da ɗaura zani da kansu. Bagwariya ce, doguwa, Hausarta ba ta raba mace da namiji. Wata rana ana hutun makaranta na tafi da kai. Tana aiki da Gwaggo, amma idonta yana kanka kana kokawa da murfin robar ruwa.

"Wannan yaro naki ne? Kawo ta nan."

"Namiji ne, Madam."

"Na gani. Kawo ta."

Ta ba ka fensir da takarda ta ce ka zana mata gida. Kana ganin fensir ka ɓoye hannu a baya. Ba ta matsa ba. Ta janye shi, ta miƙo maka wani curin abu mai laushi kamar ƙulli ta ce ka mulmula mata maciji. Ta sa ka tsinci ƙananan duwatsun ado da yatsu biyu, ta sa ka tsaya da ƙafa ɗaya, ta jefo maka ƙwallo, ta ba ka riga mai manyan maɓallai. Duk kana dariya, ba ka san gwada ka ake yi ba. Can ta kama hannunka ta juya bayansa, ta daɗe tana kallon gaɓoɓin. Ta tura ka wajen Gwaggo, ta juyo kaina, fuskar nan ba wasa.

"Waye yana duka wannan hannu?"

Na ce mata kakanka ne.

"To ki gaya masa ya daina. Yaro ba malalaci ba ne, ba aljani ba ne, kai ɗinsa lafiya lau. Yatsu ne ba su yi ƙarfi ba, kafaɗa ma haka, kuma ido da hannu ba su gama fahimtar juna ba. Kun ɗora rufi a kan gini da bai bushe ba, kuna dukan gini don ya tsage. Ni ba likita ba ce, ba ni da allura, ba ni da ƙwaya. Aikina in koya wa hannu aiki. Zai ɗauki lokaci. Kina da haƙuri?"

"Ba ni da shi," na ce.

Ta yi dariya har ta dafa tebur. "To ki je ki aro."

Abin da ta ce a yi ya ba ni mamaki, don kusan babu rubutu a ciki. Ta ce a ajiye shafin nan na la'asar gaba ɗaya. In za ka yi rubutu, ɗan lokaci kaɗan, da guntun alli wanda ba zai dunƙulu a tafin hannu ba, ƙafafunka a ƙasa, ka tsaya tun kafin hannu ya fara ciwo. Ka riƙa zana manyan haruffa da yatsa a faranti mai yashi, ko da jiƙaƙƙen soso a jikin bango. Sauran kuma ta ce kayan wasan da ke ɗakinta ba sai na saya ba, duk ina da su a kicin. Ka kwaɓa fulawa. Ka tsinci wake da babban yatsa da manuni. Ka matse wanki. Ka maƙala shanya. Ka gutsuro ƙullin ɗan wake ka jefa a kwano. Duk sati biyu in kawo ka ta gani.

Watannin nan na kicin, in kana tunawa, su ne kaɗai masu daɗi a shekarar. Ina hura wuta kana gefe a kan 'yar kujera, hannu dumu-dumu da ƙulli, kana ba ni labarin wani kare mai tuƙa keke. Ɗan wakenka na farko wani kamar ƙwai, wani kamar gero, na dafa shi haka muka cinye. A hankali suka fara zama kai ɗaya. Ranar da ka sa maɓallin rigar makaranta da kanka, daga sama har ƙasa, ka fito tsakar gida ƙirji a gaba. Inna ta kalle ka ta tafa hannu.

"A'a, mijina ya girma! Da har na fara shirin kai ƙara a raba auren, mijin da sai an sa masa riga."

"Ni ma na fasa, kin tsufa," ka ce mata. Ta bi ka da mafici tana dariya.

Na san kicin zai jawo magana, ni ba yarinya ba ce. Don haka tun farko na ce wa babanka ya riƙa tafiya da kai shago, ka goga katako, ka wanke buroshi, ka dama fenti, Madam Ladi ta ce duk ɗaya ne. Ya tafi da kai sau ɗaya. Ka kifar da gwangwanin jan fenti a kan allon wani mai kemis da aka kusa gamawa, yaran shago suka ƙyalƙyale da dariya. Ya dawo da kai a kan babur, bai sake ɗaukarka ba. Babanka mutum ne mai sanyi, yana sonka, amma kunyar idon mutane ta fi ƙarfinsa. Sai kicin ɗin ya zama shi kaɗai ya rage mana. Tabarmar la'asar kuwa, ni na riƙa ƙirƙiro dalili, yau kana zazzaɓi, gobe na aike ka, har ranar da Alhaji Baba ya gaji ya zo da kansa ƙofar kicin, wurin da ban taɓa ganin ƙafarsa ba. Ya same ka kana jefa ɗan wake.

"Zulai, mene ne wannan?"

"Magani ne, Baba. Asibiti suka ce."

"Asibiti suka ce ki mayar min da jika ɗan daudu? Jinin Akawu, a gindin murhu da ƙulli?"

"Baba, jiya ya sa maɓalli da kansa."

"Maɓalli! Ina maganar alƙalami kina maganar maɓalli. Kai, tashi ka wanke hannu."

Ka tashi. Da yamman nan rula ta dawo, kuma abin da muka tara a watanni ya fara zubewa. Da na kai ka wajen Madam Ladi ta ga ka koma ɓoye hannu. Na gaya mata zancen bangon zaure, cewa ranar ta matso. Ta ce buroshi a jikin bango, da jama'a suna jira a waje, ya yi maka nauyi yanzu. Ko dai a ɗaga zuwa baɗi, ko a bar ka ka rubuta yadda hannunka ya iya, kowa ya yi haƙuri da abin da ya gani. Na kai wa babanka, ya kai wa Alhaji Baba. Amsa ta dawo a gajarce: ba a taɓa ɗagawa ba tun zamanin Akawu, kuma ba a taɓa ɗora tone-tonen kaza a bangon nan ba. Na ce wa babanka to yaya za a yi? Ya ce in bar masa, Allah zai kawo mafita. Da na san irin mafitar da yake nufi, da tun ranar mun yi ta ta ƙare.

Ranar ta zo. Tun da safe muke kan tanda ni da matan maƙwabta. Aka sa maka farar shadda sabuwa da hula. Ka ƙi karyawa. Babanka ya kama hannunka kuka shiga zaure, aka rufe ƙofar waje da ta ciki, maza suna zaune a kan tabarmi a ƙofar gida. Da aka buɗe, na ji sun shiga, sai kabbara da salati. Na ɗauko tiren waina na zo bakin ƙofar ciki don in miƙa, daga nan nake jin muryar Alhaji Baba sama da ta kowa.

"Ku duba! Ku duba min wannan mim ɗin boko, kamar Akawu ya dawo. Aka ce wai sai asibiti, wai sai ya tuƙa tuwo. Rula ce ta yi aikinta. Daga yau na kashe maganar asibiti da kicin a gidan nan. Yaron da ya iya wannan, in ya kawo min karkataccen harafi gobe, iskanci ne, kuma na san maganinsa."

Sai ga ka ka fito ta ƙofar ciki, ka tsaya a gabana. Ban kalli fuskarka ba, hannunka na kalla. Tas. Ko ɗigo babu. Farar shaddar nan kamar yanzu aka ɗauko ta daga wajen mai guga. Kai, da ba ka iya shan kunu ba tare da ka yi wanka da shi ba, wai ka riƙe buroshi mai baƙin fenti ka rubuta haruffa takwas a bango ka fito fes. Ka ja bakin zanina, muryarka can ƙasa.

"Umma, babana ya ce kar in faɗa."

Ba ka ƙara komai ba, ba kuma sai ka ƙara ba. Na leƙa. Ga sunanka can a ƙarƙashin na 'ya'yan baffanka, yana sheƙi. Babanka ya yi ƙoƙarin ya karkatar da shi kaɗan don ya yi kama da na yaro, amma hannun da ya saba da allunan shaguna bai iya muni ba ko ya so. Yana tsaye a lungu, kansa a ƙasa, yana karɓar barka.

Ka ji abin da ya zo min a rai, don shi ne gaskiyar maganar duka. In sunan nan ya kwana a bango, ya zama shaida. Kullum za a nuna maka shi a ce ai ka iya, taurin kai ne. Rula za ta sauka a hannunka saboda ka kasa yin abin da ba ka taɓa yi ba, kuma an rufe maka baki ba za ka iya cewa ba kai ba ne. Madam Ladi ta tafi, kicin ya tafi. Za ka girma kana wucewa ta gaban ƙarya mai sunanka safe da yamma. Wata macen da ta jira baƙi su watse, ta samu mijinta a ɗaki, ta bi ta hannun Inna, a lallaɓa. Na san da wannan hanyar. Na kuma san fenti yana bushewa, kuma maganar da Alhaji Baba ya yi a gaban maza ba ya janye ta a gaban mata.

Na dire tiren a ƙasa. Na shiga zaure, ko mayafi babu, hayaƙi duk a jikina. Gwangwanin kalanzir da babanka yake wanke buroshi yana nan a gindin bango da tsummansa. Na tsoma, na goga. Fentin ɗanye ne, ya biyo tsumma, ya zama wani baƙin shafe mai faɗin tafin hannu biyu. Ina jin kalanzir yana ɗiga a siminti.

"Zulai!" in ji Alhaji Baba. "Kin haukace ne?"

"Lafiyata ƙalau, Baba. Wanda ya rubuta wannan ya san kansa. Ɗana bai rubuta ba tukuna. Ran da ya rubuta za ku gane, don ba zai yi kyau haka ba."

Ban ambaci sunan babanka ba, amma duk wanda ke zauren nan yana da allo a shagonsa da hannun Kabiru. Suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya, wainar ma ba a ci ba. Alhaji Baba bai kalle ni ba kuma. Ɗansa ya kalla.

"Kabiru, gidan nan ba zai ɗauke ni da ita ba. Ka zaɓa."

Kafin azahar takardata tana hannuna. Saki ɗaya. Wallahi ko ita rubutun kamar a sa a gilashi a rataye.

Na goya Amira, lokacin tana nono, na hau keke mai ƙafa uku zuwa Kpakungu wajen Gwaggo Asabe. Kai aka ce ba inda za ka, ɗa na ubansa ne. Kana riƙe da ƙofar zaure kana kallona, Inna ta rungume ka ta baya tana kuka, tana cewa, "Ai ga irinta nan, ai ga irinta." Da aka yaye Amira ita ma aka zo aka ɗauke ta. Mutane sun ce in je kotu. Babanka ya riga ni, ya zo Kpakungu da kansa, ya tsaya a waje kamar baƙo, ya ce in rufa masa asiri kada a ƙara tona gidan a gaban alƙali. Zai riƙa kawo ku duk Asabar, kuma shi zai riƙa kai ka wajen Madam Ladi a kan babur ba tare da Alhaji ya sani ba. Ya cika duka biyun, wannan ka riƙe masa. Bai taɓa cewa in dawo ba, ni ma ban tambaya ba. Tabarmar la'asar kuma ta mutu daga ranar, ba don an gane ba, sai don kakanka ya ce ya cire hannunsa daga kanka, uwarka ta koya maka. Abin da na roƙa na samu, amma da fushi aka ba ni, kuma na san kai ka ɗanɗani fushin, shekaru yana amsa gaisuwarka da gyaɗa kai kawai.

Madam Ladi ba ta yaba min ba, kada ka zata. Da labari ya kai mata ta aiko babanka ya ce tana nemana.

"Na ce ki aro haƙuri, ba ki aro ba. Yaro yana buƙatar uwa a kicin kullum, ba Asabar kawai ba. Yanzu abin da za mu yi a shekara ɗaya zai kai biyu."

Haka kuwa aka yi, har ya zarce. Ban ce ta yi ƙarya ba. Amma ita ba ta ga hannunka ranar nan ba, fes kamar na wanda aka yi wa wanka za a kai shi wani wuri. Asabar-Asabar muka ci gaba a ɗan tsakar gidan Gwaggo, kai da ita kuna tsintar wake a faranti ɗaya, kowa da hannun da yake lallashi, kuna yi wa juna tsiya a kan wa ya fi sauri. Gwaggo ta rasu ba ta ga ranar da ka cika shafi ba tare da ka yarfe hannu ba.

Yanzu kana shekara goma sha biyu. Rubutunka a hankali yake, yana jingina hagu, kuma a jarrabawa sau da yawa lokaci yana ƙare maka. Amma ana karantawa, kuma naka ne. Ni ina nan Kpakungu da keken ɗinkina, ina ganinku rana ɗaya a mako, sauran kwanakin ina jin yaran maƙwabta suna dawowa daga makaranta. Wannan shi ne farashin, kuma ba ni kaɗai na biya ba, ku ma an cire daga jikinku. Ban ɓoye maka ba.

Na ji an yi wa gidan fenti sau biyu tun bayan tafiyata, kuma duka biyun Alhaji Baba ya hana a taɓa tabon, wai a bar shi kowa ya ga abin da na aikata. To, a bar shi. Shi yana ganin tabo, ni ina ganin wuri. Duk bangon nan babu ɗan da aka ajiye wa fili sai kai. Babanka yana da buroshi, yana da baƙin fenti, kuma ina jin in ka tambaye shi ba zai hana ka ba. In ka ga dama ka je ka rubuta, ya jingina hagu, ya ɗiga, ka ɓata rigarka. In ba ka ga dama ba ka bar shi haka, ba wanda zai mutu. Amma ka gaya wa Amira, da bakinka, cewa ba sunanka na goge ba. Ba ka rubuta shi ba tukuna.